Kifi Bakwai a Bokiti, Daga Gumel Zuwa Dungas

Ranar wata Litinin da azahar kifayena suka mutu. Arba'in da uku. Bakwai suka rage, su na zuba a bokiti na yi kwana biyar ina yawo da su, har na tsallaka Nijar. Tun da na dawo mutanen bakin tasha ba su bar ni na huta ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Garba, wai da gaske ne ka kai kifi asibiti ƙasar waje?" Na gaji da maimaitawa. Ga yadda aka yi, sau ɗaya.

Ni masunci ne. Shekara ashirin da wani abu na yi a Tafkin Chadi, har rikici ya kore mu. Jirgi biyu na bari a can, da komar kamun kifi, da gida. Muka zauna a sansani, daga baya muka zo Gumel, garin matata Talatu. Gumel babu kogi. Na yi dako, na yi gadi. Wani likita da na yi wa gadi, da zai bar garin, ya bar mini akwatin gilashi da kifin kallo guda huɗu, jajayen nan masu doguwar wutsiya. Da farko na raina su. Kifin da ba a ci. Amma suka hayayyafa a hannuna, masu kemis da alhazai suka fara saye, na koyi haɗa gilashi da kaina. Da su muke ci.

Ƙa'idata ɗaya ce. Ruwan famfo ba ya shiga akwati sai ya kwana biyu a duro, baki buɗe. Akwai maganin da ake sa wa ruwan gari, mai wari a hanci. Idan ruwan ya kwana, warin ya tafi, kifi ya zauna lafiya. Hancina ne ma'aunina. Shekara shida bai taɓa yaudarata ba.

Ƙarshen daminar nan aka yi ta maganar amai da gudawa a ƙauyuka. Ruwan famfo ya zo, na shinshina, warin ma bai kai na da ba. Na ce to, masu ruwan gari sun rage maganin. Duk da haka na bar shi kwana biyu. Ranar Litinin na ga akwatunan sun yi datti, na kwashe ruwansu kaf, na zuba sabo. Ina cikin cin abinci Talatu ta ƙwala mini kira. Duk sun taso sama suna buɗe baki. Wasu na zabura suna dukan gilashi. Na rasa ruwan da zan mayar da su. Wata maƙwabciya na da ruwan sama da ta tara a randa, shi ya ceci bakwai ɗin. A cikinsu akwai babbar macen da Talatu ke kira Hajiya, saboda tafiyarta a hankali tana jan wutsiya kamar mayafi. Cikinta cike da ƙwai. Idan ta mutu, sana'ar ta mutu. Ba ni da ƙarfin farawa karo na uku.

Talatu ta ce, "Ruwan saman nan ba zai kai jibi ba."

Na ce, "Gagarawa zan je, wajen Sale."

"Da kifin?"

"Da kifin."

Na ɗauki gorar roba na cika ta da ruwan duron da ya kashe su. A tafki, idan ruwa ya kashe kifi, ba a tafiya a bar shi. Ɗiba ake yi a kai wa tsofaffi su gani. Ban san tsohon da zan kai wa ba, amma na ɗiba.

Talata da safe na hau motar Gagarawa. Huɗu a baya, bokiti a cinyata. Kowane rami sai ruwa ya fantsalo. Wata mai sayar da gyaɗa da ke gefena ta ce, "Bawan Allah, ka jiƙa ni." Na buɗe mata murfi don ta san ba da gangan ba ne. Ta leƙa, ta daɗe.

"Fenti aka shafa musu?"

"Haka Allah Ya yi su."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"To amfaninsu fa?"

"Kallo."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu ko miji in na kallo ne kawai ba ma riƙe shi." Duk motar aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi. Ita ce dariyata ta farko tun Litinin.

Sale ƙanin Talatu ne, yana da lambu da rijiya. Bakinsa ba ya rufuwa. Da ya hango ni ya ce, "Yaya Garba, an koro ka ne, ko toshi ka kawo mini?" Na ja ruwan rijiya, na bar shi ya rage sanyi, na zuba su a baho a gindin mangwaro. Cikin ɗan lokaci suka sauka ƙasa, suka daina haki. Na gane ashe ba cuta ba ce. Ruwa ne.

Muka je sallar la'asar. Kafin mu dawo agwagwar gidan ta sa kai a bahon. Shida suka rage. Sale ya daina wasa. Ya kama agwagwar ya yanka, matarsa ta dafa, aka kawo da tuwon dawa. Na ci. Kifin da na ce ba a ci, ga shi na ci shi ta wata hanya.

Sale ya ce in bar su a wajensa, ko in riƙa zuwa ɗiban ruwa. Na ce ba zan ƙare rayuwata ina jigilar ruwa daga Gagarawa ba. Abin da ke cikin gorar nan nake so in sani. Sai ya ce akwai wani malamin dabbobi a Sule Tankarkar, Malam Habu, wanda ya taɓa gano abin da ke kashe tumakinsu a mashaya.

Hanyar Sule Tankarkar sai ka dawo ta Gumel. Laraba da safe na canza mota a tasha, ban shiga gida ba. Ba na so Talatu ta ƙirga shida.

Na sami Malam Habu a bayan gari yana yi wa shanun wata ruga allura. Ya buɗe gorar, ya shinshina, ya ɗaga ta a rana. Ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni shanu na sani. Amma akwai wani dattijo a Dungas, cikin Nijar, Malam Isufu. Ya yi aikin gidan ruwa a Damagaram har ya ajiye. Shi ma yana da irin haukan nan naka na kifi."

Ruwan bokiti ya fara dagulewa, dole in canza. Tafkin da shanu ke sha ya zama taɓo. Rijiya ɗaya ce, mata sun yi layi har bakin gona. Na tsaya a ƙarshe. Ardon rugar, Ardo Buba, dogon tsoho mai sanda a kafaɗa, ya zo ya leƙa bokitin.

"Kai daga ina?"

"Tafkin Chadi, da can."

"Ashe bawana ne. Babarbare."

Ni ba Babarbare ba ne, amma na zauna da su, na san amsar. Na ce, "Bafillace, ubangidanka ya zo ko shimfiɗa babu?"

Ya yi dariya har malfarsa ta faɗi. Ya ce, "Garkenka nawa?"

"Shida."

Ya juya ya yi wa matan magana da Fillanci, suka dare. Ya ce mini, "Na ce musu makiyayi ne ya zo daga nesa, shanunsa ƙanana ne, kuma ba sa iya jira." Ya ba ni jarka cike da ruwa, ya naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu, ya ce haka suke yi wa nono idan kasuwa da nisa. Matarsa ta dama fura. Nonon ya fi na Gumel kauri, babu ruwa a ciki ko kaɗan. Na shanye ƙwarya guda tas, suka gane ta yi mini daɗi.

Daga nan zuwa Maigatari ɗan acaɓa ya ce mu yanke ta cikin gonaki, ya fi kusa. Ya fi kusa, amma yashi ne. A wata kwana ƙafar gaba ta nutse, muka faɗi. Ni na riƙe murfi, ban riƙe kaina ba, gwiwata ta goge. Rabin ruwan ya zube, biyu suka faɗo a yashi. Ɗaya na wanke shi ya farfaɗo. Ɗayan babur ya danne shi. Ɗan injin batir da na taho da shi, mai hura musu iska, ya fashe. Mutumin ya fara ba ni haƙuri yana rantse-rantse. Na leƙa na ga Hajiya tana motsi. Na ce, "Tashi mu tafi."

Biyar. Daga nan da kofi nake ba su iska. In ɗebo ruwa, in ɗaga hannu, in tsiyayo. Hannun dama ya gaji, in koma hagu.

Mun shiga Maigatari jajibirin kasuwa. Raƙuma, shanu, manyan motoci, ba wurin sa ƙafa. Aka nuna mini gidan wani fatoma da ke saukar da masu dabbobi. Ya ce, "Me ka kawo?" Na ce kifi biyar. Ya ce, "Ba na dillancinsu, amma baƙo baƙo ne," ya ba ni tabarma a zaure kusa da randa, inda ya fi sanyi. Wani Buzu da ya kawo raƙuma ya miƙo mini shayi da cuku, busasshen nonon nan mai tauri kamar fata. Bai taɓa ganin jan kifi ba. Ya zauna gaban bokitin, rawani har hanci, shayinsa ya huce a hannu. Da zan yi alwala, ya karɓi kofin ya ci gaba da tsiyayo musu ruwa. Hausarsa kaɗan, ni ma maganata kaɗan. Mun dace.

Alhamis da safe duniya na shigowa Maigatari, ni kaɗai nake fita. A namu ɓangaren jami'in ya duba katina, ya leƙa bokiti, ya ce, "Baba, wuce, Allah Ya ba su lafiya." A can ne aka tsaya. Ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ce, "Lahiya? Mi ke ciki?"

"Kifi."

"Na ci?"

"Na kallo."

Ya sosa ƙeya. "Bisa, irin su akuya da raƙumi, na da takardarta. Abinci na da takardarsa. Wannan ba bisa ba, ba abinci ba. Ban san inda zan rubuta shi ba." Ya kira babbansu. Babban ya zo da fuska a ɗaure. Na faɗa masa gaskiya a taƙaice, na ambaci Malam Isufu. Fuskar ta saki. Ya ce, "Isufu mai pampo? Awo, kowa ya san shi. Har akuya yake yi wa bayani." Shi da kansa ya tsayar da wata a-kori-kura, ya ce a sa ni a gaba saboda rana.

Dungas ba ta da nisa, kuma mutanen namu ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gero su ce hatsi. Jarka su ce bido. Burodinsu dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai an tambayi gajiya, an tambayi rana, an tambayi waɗanda ka baro. Idan rana ta take, gari ya mutu, kowa ya rufe ya kwanta sai la'asar. A daidai wannan lokacin na isa ƙofar Malam Isufu. Na yi sallama sau uku.

Ya fito da ɗan tabarau da aka ɗaure da zare, siririn tsoho. Ya fara jero gaisuwa, ya ce in shigo in sha ruwa in ci abinci. Na ajiye bokitin na ce, "Su tukuna." Ya dube ni, ya dubi bokitin, ya ce, "Kai mutumin kirki ne." A tsakar gidansa akwai tsohon firji da aka kwantar aka cire ƙofa, cike da ruwa da ciyawa, kifaye na yawo a ciki. Ya ɗebi ruwan a baho, ya riƙa haɗawa da nawa kaɗan-kaɗan, sannan muka saki biyar ɗin. Hajiya ta kwanta a ƙasa, ta ɗan karkace. Na kau da kai.

Muka ci dambu da zogale. Shayi sau uku, ba a tashi sai an sha na ukun. Sannan na fito da gorar. Na ce kwana biyu ya yi a buɗe kafin in ɗiba, kuma ba shi da wari.

Ya ɗauraye kofin shayi biyu, ƙananan nan na gilashi. Ɗaya ya zuba ruwan firjinsa, ɗaya nawa. Ya ɓare wasu ƙananan ƙwayoyi daga takardar gwangwani ya jefa a kowanne, ya murje da tsinke. Nasa ya zauna fari. Nawa ya juye, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa.

Ya ce, "Ga wanda ya kashe su. Yana nan daram. Maganin ruwa, mu nan jabel muke cewa, ba hanya ɗaya ake sa shi ba. Akwai wanda ka saba da shi, mai wari, wanda iska da rana ke kwashewa. Akwai wanda ake haɗa shi yadda zai daɗe, don ya kai har pampon ƙarshen gari da ƙarfinsa. Shi warinsa kaɗan ne, kuma ko kwana bakwai ya yi a duro yana iya zama. Mutum ya sha lahiya lau. Kihi kuwa ruwan yake shaƙa, sai ya ƙone masa wurin numfashi. Ko dai sun ƙara da yawa, ko sun canza hanya. Ni na fi zaton sun canza."

Na ce, "Hancina ya ce babu."

"Hancinka tsohon magani ya sani. Ba a gabatar masa da sabon ba." Ya cire tabarau yana gogewa. "Ka yi hushi da masu ruwan garinku?"

Ba na son maganar, amma ya tambaya. Na ce a sansani ruwa babu magani. Ɗana Musa shekararsa huɗu. Ya fara amai da gudawa da safe, kafin la'asar na washegari mun rufe shi. Na ce, "Su sa. Ko kifin duniya zai ƙare, su sa. Ni dai a nuna mini yadda zan yi."

Ya shiga ɗaki ya fito da farar ƙwayar bitamin si, irin wadda ake samu a kowane kemis. Ya ce ba mai zaƙin nan mai kumfa ba, farar zalla. Ya gutsuri ɗan mitsitsi, ya murje a sauran ruwan gorata, ya girgiza, muka jira kaɗan. Ya zuba a kofi, ya jefa ƙwayar gwaji. Ruwan ya zauna fari.

Na ce ya sake. Ya sake. Fari.

Ya ce, "Ka gani? Wannan ba ya son karatu. Ido kawai." Ya nuna mini gwargwadon da duro ke buƙata, ya ce kada in zarce. Ya ce har yanzu in bar ruwan ya kwana, in gwada kafin in zuba. Kada in sake kwashe ruwan akwati gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Kada in wanke tsakuwar ciki da ruwan famfo. In sa ciyawar ruwa, don wannan irin maganin ko an kashe shi yana barin wani saura, ciyawar ce ke shanyewa. Ya yi ta bayani har la'asar sakaliya. Babban duwan ɗin nan bai yi ƙarya ba. Amma ban gaji ba.

Na kwana biyu a zaurensa. Ranar Juma'a da muka dawo masallaci na tarar Hajiya ta miƙe, tana tsintar abinci a ƙasan baho. Na tsuguna a wajen har ƙafata ta yi tsami.

Ba ni da abin ba shi. Amma na lura kifayensa manya ne duka, babu ƙanana. Na tambaya. Ya ce suna yin ƙwai, washegari ya nema ya rasa. Na ce iyayen ke cinyewa. Na warware tsohon buhu na yi masa tufka mai geza wadda za su zuba ƙwai a kai, na nuna masa yadda ake gane mace mai ciki, da yadda ake ɗauke gezar da ƙwan a kai a mayar wani baho da sassafe. Ya riƙe baki. Ya ce, "Shekara nawa ina zargin ƙadangaru!" Shi ya san ruwa, ni na san kifi.

Asabar ya ba ni biyu daga nasa, masu ɗigon baƙi, da damin ciyawar ruwa, da takardar ƙwayar gwaji guda. Ya ce, "In ka koma, ka je ka gai da masu ruwan garinku. Mutane ne. Ba wanda ke zuwa musu sai da faɗa."

A iyaka ɗan duwan ɗin nan ya leƙa ya ce, "Ka shigo da biyar, ka hita da bakwai? Likitan nan namu ya iya aiki."

Talatu ta tare ni a ƙofa. Ba ta dubi gwiwata ba, murfi ta buɗe. Ta ce, "Bakwai ka tafi da su, bakwai ka dawo."

Na ce, "Ba su ba ne duka."

"Na gani. Ina Hajiya?" Sai ga ta ta fito daga cikin ciyawa. Talatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Na je wajen masu kula da ruwan gari. Wanda na samu ya zaci ƙara na kawo, ya fara haɗe rai. Na ce gaisuwa na zo. Ya ce e, sun canza yadda suke sa magani saboda cutar nan, kuma sun sanar a rediyo. Na ce rediyona ya daɗe da mutuwa. Na nuna masa kofi da ƙwaya. Ya ce irinta suke aiki da ita, in tawa ta ƙare in zo. Ya karɓi lambar Talatu, ya ce duk ranar da za su sake taɓa wani abu zai kira. Bayan kwana uku ya zo da kansa ganin kifin.

Hajiya ta zuba ƙwai bayan sati biyu. Na ɗauke gezar da hannuna. 'Ya'yan sun fito kamar gashin ido, yanzu sun kai ƙwayar wake, wasu sun fara ja. Ban ƙirga ba. Ba na ƙirgawa sai sun yi ƙwari. Na aika wa Ardo Buba goro, na aika wa Malam Isufu saƙo ta hannun wani direba. Amsa ta zo cewa shi ma nasa sun ƙyanƙyashe, kuma ya nemi gafarar ƙadangaru.

Ina Gumel, a rumfata ta bayan tasha. Duro biyu, akwati huɗu da ruwa a ciki, kofin shayi ɗaya da ba a shan shayi da shi. Har yanzu ina shinshina ruwa, don sabo. Amma kofin nake tambaya. Wanda ke son ganin Hajiya, tana akwatin farko daga dama. Kada a buga gilashi.